Babi na Bakwai: Motar da Ke Yawo a Hannu

Kawuna ya shekara talatin yana jan babbar mota tsakanin Kano da Kurmi kafin ciwon gwiwa ya zaunar da shi gida a Ruwan Bago. Har yau ba ya yarda a tuƙa shi. Duk sanda na je gida da iyali, in dai akwai inda za a je, sai ya miƙo hannu a ba shi makulli. Wata rana da kaka, an gama karyar masara, za mu Rogo gaisuwar rasuwa, na ba shi makullin na zagaya na zauna a gefensa. Ba mu yi tafiyar minti biyar ba ya gangara gefen hanya ya tsaya, bai kashe inji ba, ya juyo ya dube ni.

"Ɗan nan, a wannan motar kake ɗauko mini jikoki daga Kano?"

Na ce, "Kawu, ai lafiyarta ƙalau. Sau biyu na kai ta alaimen a bana."

Bai tanka ba. Ya ce in fita in tsaya daidai tayar gaba in zuba mata ido. Ya ɗora yatsu biyu a kan sitiyari yana kaɗa shi dama da hagu a hankali. Sitiyari ya tafi faɗin yatsu uku ya dawo, taya ko gezau.

"Ka ga wannan filin?" in ji shi. "A cikinsa hanya ce take tuƙa ku, kai riƙo kawai kake yi."

Abin da ya tsaya mini a rai ranar nan shi ne ban san da filin ba, alhali ni nake riƙe da sitiyarin nan safe da yamma. Ƙafar mota ba ta lalacewa a yini ɗaya. Kaɗan-kaɗan abin yake shiga, kamar gara a jikin azara, hannun direba kuma yana biye da shi yana gyarawa, ɗan taɓa dama, ɗan taɓa hagu, har mutum ya ɗauka haka tuƙi yake. Sai dai in ya iso gida ya ji kafaɗunsa sun yi tsami, ya ɗora wa nisan hanya. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cinye kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. A kan hanyar Karaye zuwa Rogo, inda mai babur ɗauke da buhu biyu zai kauce wa rami ya faɗo gabanka, ko garken shanu ya ɓullo daga cikin dawa, rabin daƙiƙar da sitiyari zai ɓata yana cike filinsa kafin taya ta amsa mita 14 ne. Sau da yawa tazarar da ke tsakaninka da mai babur ɗin ba ta kai haka ba.

Masu mota suna zuwa gareji da kalma ɗaya a bakinsu, alaimen, kamar mai zuwa kemis ya ce a ba shi maganin zazzaɓi kome ke damunsa. Ciwon kuwa ba ɗaya ba ne. Akwai motar da ke ja: ka sassauta hannu ta nufi gefe guda, kullum gefen nan. Akwai mai rawa, wadda sitiyarinta ke karkarwa idan gudu ya kai wani wuri, ya lafa idan ka rage ko ka ƙara. Wannan yawanci aikin balansin ne, ko rim ya lanƙwashe, kuma da damina a wajenmu sau tari taɓo ne ya bushe a cikin rim, ruwa da tsinke sun ishe shi. Ta ukun ita ce mai yawo. Ba ta da gefen da ta fi so. Tana bin duk abin da kwalta ta nuna mata, tirela ta wuce iskarta ta ture ta, ka juya sitiyari ka ji kamar kana juya ludayi a cikin koko. A kan wannan ta ukun babin nan ya fi tsayawa, domin ita ce ake kashe wa kuɗin alaimen a banza.

Mota duk nauyinta a wuri huɗu take taɓa ƙasa, kowanne bai fi tafin hannu ba. Daga tafin nan zuwa hannun direba akwai sarƙar ƙarafa: taya, rim, boris, gaɓar da kanikawa ke kira bol-joyin, sandar tairod ta waje da ta ciki, rak, sannan sandar sitiyari da ƴan gaɓoɓinta. Umarni yana bin sarƙar nan ya sauka, labarin hanya yana bin ta ya hau. Direban da ya ce yana jin motarsa, labarin nan yake nufi: nauyin da sitiyari ke ƙarawa a kwana, sauƙin da yake yi idan taya ta hau yashi ko ruwa. Kowace gaɓa da ta yi lako-lako tana cinye wani abu daga umarnin, ta cinye wani abu daga labarin.

Kawu bai fara da ƙarfe ba. Da muka dawo ya aika a aro gejin iska wurin mai faci, ya jira har gari ya waye tayoyi suka huce. Ta gaba ta dama 46, ta hagu 41, na baya ɗaya 38 ɗaya 29. Ya buɗe ƙofar direba ya nuna mini ƴar takardar da ke manne a jikin ginshiƙi, wadda na shekara ina wucewa ban karanta ba. Kamfanin da ya ƙera motar 32 ya rubuta.

Wannan kuskure ya game ƙasar nan, kuma yana da dalili. A gefen kowace taya an rubuta wata lamba, sau da yawa 44 ko 51, masu faci da yawa ita suke bi. Lambar nan iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ce, ba abin da motar ke buƙata ba. Wasu kuma sun saba da motocin haya masu lodi har rufi, sai su buga wa motar gida iska irin ta Golf mai zuwa kasuwa. Tayar da aka cika fiye da kima tana kumburo ciki, tafin da ke taɓa ƙasa ya ragu, sitiyari ya yi sauƙi irin na ƙarya, motar ta riƙa tsalle a kan gargada maimakon ta manne. Wadda iskarta ta gaza kuma gefenta yake lanƙwasa kafin ta juya, sai amsa ta makara, ga zafin da take tarawa wanda shi ke fasa taya a watan Afrilu. Ƙaramar motar gida yawanci tsakanin 30 da 35 take so, a ma'aunin da ake rubutawa PSI. A auna da safe kafin a yi tafiya, saboda taya mai zafi tana nuna ƙarin 3 ko 4, kuma kada a sace mata iska a wannan hali. Sanyin hunturu yana rage awon, zafin bazara yana ƙara shi, wajen 1 a duk digiri 5 ko 6 na yanayi. Ƙaramin geji na aljihu ba shi da tsada, kuma ban san wani abu mai araha da ke canza yadda mota ke ji a hannu kamarsa ba.

Sai ita tayar kanta. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ya daina ƙera taya a Legas a 2008, kusan duk tayar da ke ƙarƙashin motocinmu daga waje take zuwa. Tsofaffin tayoyi suna cikin jerin kayan da Hukumar Kwastam ta hana shigowa da su, amma kowa ya san ƴan Beljiyom sun cika kasuwa, kuma ba zan zargi magidancin da aljihunsa ya kai shi gare su ba. Abin da nake roƙo a duba kafin a biya. Cikinsu akwai waɗanda aka yi domin ƙanƙarar Turai, ana gane su da ɗan zanen dutse mai kai uku da furen ƙanƙara a ciki, da kuma ƙananan tsage-tsage birjik a jikin zanen. Robarsu mai taushi ce ƙwarai, an yi ta ne domin kada ta daskare a sanyi. A kan kwaltar Kano da rana tsaka sai ta zama kamar cingam, motar ta riƙa iyo, kuma babu injin alaimen da zai gyara wannan. A duba shekara ma: lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, wato 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana gargaɗi a kan tayar da ta wuce shekara 4. Sannan tayoyi biyun gaba su zama iri ɗaya, girma ɗaya, ci ɗaya. Shanun huɗa biyu, ɗaya babba ɗaya ƙarami, kowa a Ruwan Bago ya san irin kunyar da za su fitar.

Akwai wani abu da ke da wuyar faɗa, domin ya taɓa zumunci. Ba a barin gida hannu rabbana. Inna za ta sa a kawo buhun masara, wata gwaggo ta aiko da dankali, a ɗaure rake a cusa, ga mazarƙwaila ta yara. Babban buhun masara kilo 100 ne ko kusa da haka. Ƙaramar mota mai ƙofa huɗu wajen kilo 400 aka yi ta ta ɗauka, mutane da kaya gaba ɗaya, kuma manya biyar kaɗai sun kusa cinye shi. Idan but ya cika, baya yana zama, hanci ya ɗaga, nauyi ya bar tayoyin da ke yin tuƙi. Sitiyari ya yi fayau a hannu, fitila ta haska sama ta kashe wa mai tahowa ido. Mutum zai rantse motarsa ta lalace a ƙauye, ya sauke kaya a Kano ya ji ta warke. Ni dai yanzu ina karɓar tsarabar da hannu biyu, in biya wa buhun kuɗin mota ya biyo ni a ta haya. Abin da ya zama dole ya shiga but, mai nauyin ya matsa can ciki jikin kujera, a ƙara wa tayoyin baya iska gwargwadon abin da takardar ƙofa ta ce, a kuma rage gudu.

Bayan iska, Kawu ya sa aka kawo masa kujera ƴar tsugunne ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida. Mota tana ƙasa da nauyinta, birkin hannu a ja, inji yana aiki, domin a mota mai fawa sitiyari yakan nuna wasan da ba na gaskiya ba idan inji a kashe yake. Ya ce in hau in riƙa kaɗa sitiyari kaɗan-kaɗan, da sauri, kamar mai tankaɗe. Shi kuma ya zura hannu ta bayan taya ya kama gaɓar tairod. Gaɓa mai lafiya, ɓangarorinta biyu tare suke tafiya kamar abu guda. Wadda ta ci, ɗaya yana fara motsi kafin ɗayan, kuma yatsa yana jin ƙwas ɗin da kunne ba ya ji.

"Sauko ka taɓa da kanka," ya ce. "Kada ka ce Kawu ne ya faɗa."

Ƙanena ya karɓi sitiyarin, na sa hannu. Na ji shi, ɗan bugu kamar bugun jijiya. Daga nan aka ɗaga motar da jak, aka tura gungumen itace ƙarƙashinta, saboda jak kaɗai ba abin da mutum zai ba amanar ransa ba ne. Kawu ya kama taya ta gefe da gefe ya girgiza: wasa a nan na tairod ne ko na cikin rak. Ya kama ta sama da ƙasa ya girgiza: wasa a nan na bol-joyin ne ko boris. Ya sa ƙarfen cire taya ya ɗan banƙare hannun ƙasa mai riƙe da taya, muka ga robar bushin ta tsattsage, ƙarfen tsakiya yana yawo a cikinta. Ƙarshe ya nuna mini robar da ke rufe bakin rak, mai kama da zugazugin maƙeri. Ta yage. A nan ciwon ya samo asali. Jar ƙurar hanyar burji idan ta shiga ta haɗu da giris, ta zama abin wasa wuƙa, kuma duk juyin da ka yi tana cin ƙarfe. Da damina ruwan kwalbatin da ya cika ya shiga ya ƙara tsatsa. Robar nan ita ce mafi araha a duk ƙafar mota, rak ɗin da take karewa kuma yana cikin mafi tsada.

A Ingila, inda ake gwada duk motar da ta kai shekara 3 sau ɗaya a shekara, wasan sitiyari a mota mai rak idan ya wuce milimita 13 a bakin da'irar ana bin sa a ga inda ya fito. Milimita 13 bai kai faɗin ɗan yatsa ɗaya ba. Nawa ya kai yatsu uku.

Sai a lokacin na gane abin da ya faru da kuɗina a wurin da na kai motar sau biyu a Kano. An hau da ita kan inji, an manna madubai a tayoyi, kwamfuta ta nuna kore, na biya na tafi. Babu wanda ya girgiza taya ko sau ɗaya. Tela ba ya gwada mutum yana tafiya. Tayar da gaɓarta ke rawa, awon da aka yi mata a tsaye yana rushewa tun kafin motar ta fita daga ƙofar garejin, domin ramin farko zai tura ta ɗaya ƙarshen filin. Alaimen shi ne aikin ƙarshe a ƙafar mota. Duk wanda ya karɓi kuɗinka ya yi shi kafin ya duba gaɓoɓi, ko dai bai san aikin ba ko bai damu da kai ba.

Wajen sayen kaya ma akwai magana. A Kofar Ruwa za ka samu iri uku a kan tebur ɗaya: sabo mai kyau, sabo na jabu, da na Beljiyom da aka kwance daga wata motar. Ba ni da ja a kan hannun ƙasa ko rak na Beljiyom idan an duba shi da kyau. Amma bol-joyin da kan tairod, a ganina, sabo mai suna ya kamata a saya ko da za a jinkirta wani abin. Abin da ba zan yarda da shi ba ko kaɗan shi ne gyaran guduma: a daddoki kwanon gaɓar da ta ci har ya matse, ko a cusa mata guntun roba, a ce ta koma sabuwa. Tana yin shiru na ƴan makonni, ƙwallon ciki kuwa yana nan a cinye. Kowa ya taɓa ganin mota a gefen titi ta durƙusa da ƙafa ɗaya, taya ta kwanta a ƙarƙashinta. Bol-joyin ne ya fita. Wadda ka gani a cikin gari Allah ya rufa wa mai ita asiri, domin a hankali yake tafiya. Haka nan bushin da ake yankawa daga tsohuwar tayar babbar mota: yana fitar da mutum daga daji, amma ba shi da taushin da aka auna wa motar. Wani ƙaramin abu da kanikawa da yawa ke mantawa: notin bushin ba a ƙarasa ɗaure shi mota tana rataye a jak. Sai an sauke ta ta zauna da nauyinta, in ba haka ba robar tana zama a murɗe, ta yage kafin shekara.

Idan ƙafa ta ɗauru, to an zo kan alaimen na gaskiya, kuma kusurwa uku ce. Wadda ta fi muhimmanci kanikawa suna ce mata to: in ka tsaya bisa mota ka leƙo, shin hancin tayoyin gaba ya tsuke ciki, to-in, ko ya buɗe waje, to-awut. Yawancin motocin gida kusan miƙe ake saita su, bambancin bai wuce milimita ɗaya ko biyu ba. Idan hanci ya buɗe fiye da kima, kowace taya tana son tafiya gefenta, wadda ta fi samun riƙo a wannan daƙiƙa ita ke rinjaye, sai motar ta riƙa zillo dama da hagu. Lissafin abin yana da ban tsoro. Tayar da ta kauce da digiri 1 kacal, a duk kilomita ɗaya ana jan ta a kaikaice mita 17. Ko rabin digiri ne, a tafiyar kilomita 100 an goga ta a kwalta ta gefe kusan mita 870. Ga inda taya ke tafiya, ga inda wani kaso na man fetur ke tafiya. Ana gane wannan ciwo da tafin hannu: shafa zanen taya daga ciki zuwa waje, ka dawo. In ka ji santsi a tafiya, kaifi a dawowa, kamar haƙoran zarto, to ɗin ya kauce.

Ta biyu kamba, wato jinginar taya idan ka dube ta daga gaba. Kamar ƙafar mutum ce, akwai gwame akwai ta baka, kuma takalmin kowannensu gefe ɗaya yake cinyewa. Tayar da kafaɗarta ɗaya ta sulɓe ɗayar tana nan, a nan za a duba. Idan kamban dama da na hagu suka bambanta, mota tana ja. Ta uku kasta, ita ce ba a gani da ido, amma duk wanda ya taɓa sakin hannu a kan keke ya san ta. Ƙahon gaban keke a kishingiɗe yake, shi ya sa tayar ke neman miƙewa da kanta. Kasta ce ke dawo da sitiyari tsakiya bayan ka sha kwana, ita ke ba shi ɗan nauyin nan da ke kwantar wa direba hankali a kan gudu. A yawancin ƙananan motoci babu notin saita ta. In ta kauce, wani ƙarfe ne ya lanƙwashe ko bushin ya mutu, kuma canji ne maganinsa.

Wannan ilimi ya girmi mota. Wani maƙerin keken doki a birnin Munich na Jamus, Georg Lankensperger, shi ya tsara yadda tayar ciki za ta fi ta waje juyawa a kwana, tunda da'irar da take bi ta fi ƙanƙanta. Wakilinsa Rudolph Ackermann ya yi wa tsarin rajista a Ingila a 1818, sunansa kuma ya bi abin har yau. Motar da ta daki dutse hannun sitiyarinta ya lanƙwashe tana rasa wannan daidaito, sai ka ji tayarta tana kuka a kwana ko da a hankali kake tafiya.

Kafin a ɗora wa alaimen laifin ja, akwai gwaji biyu na kyauta. Musanya tayoyin gaba, ta dama ta koma hagu. In jan ya canza gefe, taya ce. Bayan tafiya kuma kusanto da hannu jikin rim ɗin gaba ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya fi zafi sosai, birkinsa ne ke kamawa. A tuna kuma ana gina titi da ɗan tudu a tsakiya domin ruwa ya gangare. Tun 2 ga Afrilu 1972 da Najeriya ta koma bin hannun dama, motar da ke lafiya ƙalau takan ɗan zame dama a hankali idan an sake ta. Wannan ba ciwo ba ne.

A wurin alaimen, mai mota yana da haƙƙin ya tsaya ya gani. A daidaita iska tukuna. A sauke kayan but. A kulle sitiyari a tsakiya, a saita tairod na dama da na hagu duka, kada a murɗa ɗaya kawai don a huta. A nuna maka lambobi kafin aiki da bayansa, kuma ka tabbata samfurin motarka aka zaɓa a kwamfutar. In ka fito ka ga sitiyari a karkace, ka koma. Kada ka yarda a zare shi a mayar a miƙe don a rufe ido, domin rak ɗin yana nan a karkace, kuma a motocin zamani akwai siririyar wayar jakar iska a naɗe a bayansa wadda hakan ke iya tsinkawa. Inda babu inji, igiya tana aiki: zare biyu a miƙe a gefen mota, daidai tsakiyar taya, a kan shimfiɗaɗɗen daɓe, a auna tazarar bakin rim na gaba da na baya da rula. Masu tseren mota a Turai har yau suna amfani da wannan dabara. Tsofaffin kanikawan da suka koyi aiki a kan Peugeot 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, da yawansu da zare suka saba, kuma na fi amincewa da zaren mai haƙuri a kan kwamfutar mai gaggawa.

Akwai motocin da duk wannan ba zai warkar ba. Da yawa daga cikin waɗanda ake shigowa da su daga Amurka haɗari suka yi a can, aka sayo su a gwanjo, aka buge aka fesa fenti. In gangar jikin ta murɗe, motar tana tafiyar kare, baya bai bi sawun gaba ba. Mai shirin saye ya tafi da igiya: a miƙe sitiyari, a auna daga tsakiyar tayar gaba zuwa tsakiyar ta baya a dama, a auna a hagu. In an samu bambancin da ido ke gani, a bar ta. Akwai kuma sauƙin sitiyarin da aka haifi mota da shi. Motocin da fawarsu ta lantarki ce, ba ta mai ba, wasunsu ba sa kawo labarin hanya sosai a tsakiya. Corolla ta 2009 da 2010 ta sha wannan ƙorafi a Amurka, har hukumar kula da lafiyar motoci ta can ta buɗe bincike a Fabrairun 2010, ta rufe shi a 2011 ba tare da ta ce a janye motocin ba. Mai irin wannan mota, idan gaɓoɓinsa a ɗaure suke, iska daidai, awo daidai, ya daina zubar da kuɗi. Taya mai kyau ce kaɗai za ta ƙara masa wani abu.

Tawa dai an canza mata kan tairod biyu, sandar ciki ɗaya, bushin na hannun ƙasa, da robobin rak, sannan aka yi awo. Na yi aikin mako biyu kafin Babbar Sallah, domin ba a fafe gora ranar tafiya, kuma gaɓar da aka ɗaura tana son a sake duba notinta bayan ƴan kwanaki. Da muka je gida, washegarin Sallah za mu Karaye gaida dangi, Kawu ya karɓi makulli kamar kullum. Kafin ya shiga ya sunkuya da ƙyar ya shafa tayar gaba da tafinsa, ciki da waje. Ya ja mu har muka hau kwalta, ya sha kwana ɗaya ya buɗe yatsunsa, sitiyari ya sulale ya dawo tsakiya da kansa. Ya ƙara gudu kaɗan, ya ɗan taɓa shi dama, motar ta amsa nan take.

"Yanzu tana ji," ya ce.

Ya gangara gefen hanya ya tsaya, ya buɗe ƙofa, ya zagayo ta gabana yana dafa bonet.

"Koma can ka ja mu, ɗan nan. Gwiwar nan ta dame ni yau."